Yadda za ku zaɓi manhajoji, ku yi aiki da su a kan kwamfuta mai tsarin Linux

Idan ƙungiyarku, ko makarantarku, ko shagonku na da kwamfuta, wannan bayani naku ne. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke shigowa garuruwanmu na hannu ne, sun yi shekaru suna aiki a wani wuri kafin su iso gare mu. Sukan zo da tsohon Windows, da manhajojin da aka kwafa ba da izinin masu su ba. Bayan ƴan watanni sai na'urar ta yi nauyi, ƙwayar cuta ta shige ta, wata rana a wayi gari lissafin ƙungiya na shekara guda ya salwanta.

Akwai wani tsari da ake kira Linux, wanda ke iya mayar da irin wannan na'ura bakin aiki, ba tare da an sayi lasisi ba. Amma sauya tsari kaɗai ba ya isa. Sai kun san aikin da kuke son yi, kun zaɓi manhajar da ta dace da shi, kun samo ta daga wuri amintacce. Abin da za mu bayyana muku ke nan, daki-daki.

Kalmomi uku da ya kamata ku riƙe

*Tsarin aiki* shi ne babban shirin da ke tashi da zarar kun kunna na'ura. Shi ke haɗa allon madannai da fuskar na'ura da injin buga takarda, shi ke tsare abin da kuka ajiye. Windows tsarin aiki ne. Android na wayar salula tsarin aiki ne. Linux ma haka.

*Manhaja* ita ce shirin da ke yin aiki guda, kamar rubuta wasiƙa, ko lissafi, ko kallon bidiyo. Masu jin Faransanci suna ce mata lojisiyel. Ku ɗauki tsarin aiki kamar rumfar tela, manhajoji kuma kamar keke da almakashi da dutsen guga: kowanne da aikinsa.

*Fayil* shi ne abin da kuka yi da hannunku kuka ajiye, wasiƙa ce, ko hoto, ko lissafin asusu. A cikin ukun nan fayil ya fi daraja. Na'ura in ta lalace ana samun wata, manhaja in ta ɓaci ana sake girka ta, amma fayil ɗin da ya ɓace ba tare da kwafi ba, ya tafi ke nan.

Mene ne Linux, kuma daga ina ya fito?

A shekarar 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya sanar da wani shiri da ya kira GNU, don a ƙera tsarin aikin da kowa ke da ƴancin amfani da shi. A 1991 wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin, wato ɓangaren da ke magana da ƙarfen na'ura kai tsaye. Da aka haɗa ayyukan biyu sai aka sami cikakken tsarin da mutane ke kira Linux.

Manhajar da aka ce mai ƴanci ce tana ba ku izini huɗu:

1. Ku yi amfani da ita don kowane irin aiki.
2. Ku duba yadda aka ƙera ta, ku gyara ta idan kun iya.
3. Ku kwafe ta ku ba wanda kuke so.
4. Ku raba wa jama'a gyaran da kuka yi mata.

Manomi ya san bambancin irin da yake ajiyewa a rumbunsa, ya shuka, ya ba maƙwabci, da irin da sai ya koma ya saya kowace damina. Manhaja mai ƴanci irin gida ce. In kun kwafa wa wani ba sata kuka yi ba, masu ita ne suka yarda.

Abin lura: ƴanci bai nufin kome kyauta ne. Wanda ya girka muku tsarin yana da haƙƙin ladan aikinsa, kuma intanet ɗin da za ku sauke manhaja da shi da kuɗi ake sayensa.

Me ya sa ake maganarsa?

Kamfanin Microsoft yana daina kula da kowane Windows idan ya tsufa. Ya daina kula da Windows XP a watan Afrilu na 2014, da Windows 7 a watan Janairu na 2020. Kulawar da aka saba ba Windows 10 ta ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma yana neman wasu sassa da tsofaffin na'urori da yawa ba su da su. Na'urar da aka daina aiko mata da gyaran tsaro tana ci gaba da kunnuwa, amma kamar ɗaki ce wanda ƙyaurensa ya ɓalle.

Kada ku ɗauka Linux abin gwaji ne. Jandarmomin ƙasar Faransa sun fara mayar da kwamfutocinsu kansa tun 2008. A 2024 gwamnatin wata jiha ta arewacin Jamus, Schleswig-Holstein, ta yanke shawarar mayar da kwamfutoci wajen 30,000 kan manhajoji masu ƴanci. Wayar Android da ke aljihunku ma, zuciyarta ta Linux ce.

Wane Linux ya dace da na'urarku?

Kamar yadda hatsi yake iri-iri, kowanne da ƙasar da ta karɓe shi, haka Linux yake. Ƙungiyoyi da kamfanoni daban-daban suna harhaɗa nasu, kowa da sunansa. Ga waɗanda ya kamata ku sani:

- Debian: an kafa shi a 1993, masu aikin sa kai ne ke kula da shi. Wasu da yawa daga gare shi suka tsiro.
- Ubuntu: ya fito a 2004, wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya assasa shi. Sunan daga harsunan Zulu da Kosa ne, ma'anarsa mutuntaka. Duk shekara biyu, a watan Afrilu, ana fitar da wanda aka yi wa alamar LTS, wanda ake kula da shi shekara 5. Shi za ku nema.
- Linux Mint: ya fito a 2006. Fuskarsa ta yi kama da ta Windows, saboda haka sabon shiga ba ya ruɗewa. Mint 22 ya fito a 2024, za a kula da shi har 2029.
- Emmabuntüs: wasu ƴan sa kai na Faransa suka shirya shi don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci. Yana zuwa da manhajoji masu yawa a cikinsa, don haka ba ya bukatar intanet sosai bayan an girka shi. An yi aiki da shi a makarantun ƙasar Togo.

Kafin ku zaɓa, ku sa wanda ya iya ya duba muku girman ƙwaƙwalwar aiki ta na'urar, wadda ake rubutawa RAM. Ana auna ta da jiga. Idan jiga 4 ce ko fiye, Mint zai yi tafiya daidai. Idan jiga 2 ce, ku nemi mai sauƙin nauyi, kamar Mint mai fuskar Xfce, ko Lubuntu. Idan na'urar tsohuwa ce ƙwarai, irin mai bit 32, Ubuntu da Mint na yanzu ba za su hau ta ba. Debian 12 da antiX 23, dukansu na 2023, suna da nau'in da ke hawa irinta.

Shawara mafi amfani ita ce wannan: ku ɗauki wanda wani a garinku ya sani. Ranar da matsala ta taso, mutumin da za ku iya zuwa wurinsa ya fi muku kowane suna.

Ku gwada kafin ku girka

Ana iya tayar da Linux daga kile USB, wato ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, wanda wasu ke kira filash, ba tare da an taɓa abin da ke cikin na'ura ba. Fayil ɗin Mint 22 ya kai kusan jiga 3, kile mai jiga 8 ya isa. Ana ɗora shi a kan kile da wata ƴar manhaja, kamar Rufus ko balenaEtcher. Ku sani duk abin da ke cikin kilen zai goge. Sa'an nan a soka shi, a kunna na'ura, a danna maɓallin zaɓen tashi. A yawancin na'urorin HP F9 ne, a Dell da Lenovo kuma F12.

Idan ya tashi, ku gwada waɗannan abubuwa:

1. Sauti yana fita?
2. Wifi yana kamawa? In da waya kuke samun intanet, ku haɗa ta da igiyar USB ku gani.
3. Injin buga takarda yana bugawa?
4. Takardunku na da suna buɗewa daidai?

Kada ku saki reshe ku kama ganye. Sai kun kwashe dukan fayilolinku zuwa wani wuri, kun buɗe kwafin kun tabbatar yana nan, sa'an nan ku yarda a girka sabon tsari. Girkawa tana iya share duk abin da ke cikin na'ura.

Tambayoyi biyar kafin ku zaɓi manhaja

Manhajojin Linux dubbai ne. Wanda ya ce sai ya ɗanɗana kowace, zai cinye kuɗin intanet ɗinsa, ya cika na'urarsa, aiki kuma bai yi ba. Ku fara da aikin, ba da sunan manhajar ba. Ku zauna da ma'aji da magatakarda ku rubuta ayyukan da kuke yi da kwamfuta a wata guda. Da wuya su wuce biyar ko shida. Ga kowane aiki, ku yi waɗannan tambayoyi:

1. Ko manhajar wannan aiki ta riga ta zo tare da tsarin? Sau da yawa tana nan.
2. Tana cikin rumbun manhajoji na tsarin?
3. Mega nawa za a ci wajen sauke ta, kuma na'urar za ta iya ɗaukar nauyinta?
4. Tana aiki ba tare da intanet ba?
5. Wanda za ku aika wa aikin zai iya buɗe shi a tasa na'urar?

Manhajar da ta amsa waɗannan da kyau, ku riƙe ta. Aiki ɗaya, manhaja ɗaya.

Wace manhaja ga wane aiki?

*Rubutu da lissafi.* LibreOffice tarin manhajojin ofis ne, an kafa shi a 2010, kuma yakan zo tare da Mint. Writer na rubuta wasiƙa da rahoto. Calc na lissafi cikin gidaje-gidaje. Impress na shirya bayanin da ake haskawa a bango wurin taro.

Ga misali da Calc. A ce kuna riƙe lissafin rumbun tsimi. A jerin A ku rubuta sunan mai saye, a jerin B yawan tiyar da ya ɗauka, a jerin C kuɗin tiya ɗaya. A gidan D2 ku rubuta =B2*C2, ku danna Entrée, na'ura za ta fitar da kuɗin da zai biya. Don a tara na mutum 29, a ƙasa ku rubuta =SOMME(D2:D30) idan manhajar da Faransanci take, ko =SUM(D2:D30) idan da Ingilishi take. In kun gyara lamba ɗaya, jimla za ta gyara kanta.

*Intanet.* Firefox, wanda ya fito a 2004, shi ne na shiga shafuka. Thunderbird na karɓar wasiƙun imel, ya ajiye su a na'ura don ku karanta ko babu intanet.

*Sauti da bidiyo.* VLC, wanda ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ta birnin Paris suka fara, yana buɗe kusan kowane irin bidiyo. Audacity na ɗaukar murya, a yanke, a haɗa. Yana da amfani ga masu aikin rediyon karkara.

*Hoto da sanarwa.* GIMP na gyaran hoto. Scribus na tsara jarida ko ɗan littafi. Suna bukatar koyo. Idan sanarwa ce mai shafi ɗaya, Writer ya isa.

*Koyo.* Klavaro na koya wa yatsu rubutu ba tare da kallon madannai ba. GCompris na da wasannin haruffa da ƙidaya don yara masu shekara 2 zuwa 10, kuma babba sabon shiga yakan saba da riƙe linzamin kwamfuta da shi. Kiwix, wanda aka fara a 2007, yana ba ku damar karanta Wikipedia babu intanet. Sau ɗaya ake sauke kundin, na Hausa ko na Faransanci, sa'an nan a yi ta kwafa wa wasu da kile.

Inda ake samo manhaja

Nan ne babban bambanci yake. A Windows mutane sun saba su shiga kowane shafi su sauke manhaja, ko su karɓa a kilen aboki. Ta wannan ƙofa cuta ke shiga. A Linux kowane tsari yana da nasa rumbun manhajoji, wanda masu kula da shi suka tantance. Kamar bambancin sayen magani ne a kantin magani mai izini da sayensa a faranti bakin hanya.

A Mint mai Faransanci, ƙofar rumbun ana rubuta ta Logithèque ko Gestionnaire de logiciels. Ga yadda ake yi:

1. Ku buɗe ta, ku rubuta sunan manhajar a gidan nema.
2. Ku karanta bayaninta, ku duba girman abin da za a sauke.
3. Ku danna Installer.
4. Ku rubuta kalmar sirrinku idan an nema.

Wani lokaci za ku ga manhaja ɗaya ta fito iri biyu: ta tsarin kansa, da wadda aka rubuta wa Flatpak. Ta Flatpak takan fi sabunta, amma tana zuwa da kayan rakiya masu nauyi, musamman a karon farko, har ta ci mega ɗarurruwa. A Ubuntu akwai makamanciyarta mai suna Snap. Idan kuɗin intanet ɗinku a ƙidaye yake, ku ɗauki ta tsarin.

Akwai kuma baƙar taga da ake kira Terminal, inda ake rubuta umarni. Misali, wanda ya rubuta sudo apt install vlc ya girka VLC ke nan. Kalmar sudo tana nufin umarnin yana da ikon sauya kome a na'ura. Saboda haka kada ku kwafi umarnin da ba ku gane ba daga wani shafi ko saƙon waya. Umarni guda yana iya share dukan ajiyarku.

Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .exe na Windows ne, ba ya girkuwa a Linux kai tsaye.

Rubuta Hausa daidai

Hausa tana da haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Barin ƙugiya yana sauya magana. Baki daban, baƙi daban. Fada daban, faɗa daban. Ga hanyoyin samun su.

Hanya ta farko: kowane harafi yana da lambarsa.

- ɓ 0253, Ɓ 0181
- ɗ 0257, Ɗ 018A
- ƙ 0199, Ƙ 0198
- ƴ 01B4, Ƴ 01B3

A yawancin manhajoji, ku danne Ctrl da Maj da U tare, ku sake su, ku rubuta lambar, ku danna Entrée. Harafin zai fito. Ku rubuta waɗannan lambobi a takarda ku manna kusa da na'ura.

Hanya ta biyu: a cikin saitin madannai akwai tsarin Hausa na Nijeriya da na Gana, ana iya ƙara ɗaya. Sai dai an gina su a kan jerin madannai na Ingilishi. Idan naku na Faransa ne, wanda ya fara da AZERTY, wasu haruffa kamar A da Q, da Z da W, za su musanya wuri.

Hanya ta uku: a cikin Writer, ƙarƙashin Outils, akwai AutoCorrection. Kuna iya koya masa cewa duk inda aka rubuta kungiya ya mayar da ita ƙungiya. Ku yi haka ga kalmomin da kuke yawan rubutawa, ban da masu ma'ana biyu irin su baki da fada.

Idan maimakon ƙ kun ga ɗan akwati, siffar rubutun ce ba ta da harafin. Ku sauya zuwa DejaVu Sans, ko Noto Sans, ko Charis SIL. Akwai kuma Andika, wadda aka zana musamman don masu koyon karatu, haruffanta a fili suke, ba sa rikicewa da juna. Masu rubutu da ajami su nemi Harmattan ko Alkalami, an yi su ne don ajamin Afirka ta Yamma.

Idan jan layi ya cika ƙarƙashin kalmominku, ba kuskure kuka yi ba. Manhajar ce ke auna Hausa da ƙamus na Faransanci. Ku danna Maj da F7, layin zai tafi.

Musayar takardu da masu Windows

LibreOffice yana ajiye rubutu da .odt, lissafi da .ods. Wannan tsari ne buɗaɗɗe, wanda hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta amince da shi a 2006. Shi ya fi dacewa da ajiyarku ta gida. Amma ofisoshi da yawa da Word da Excel suke aiki. Ga ƙa'ida mai sauƙi:

- Idan wanda za ku aika wa karantawa kawai zai yi, ko bugawa, ku aika da PDF. A ƙarƙashin Fichier za ku sami Exporter au format PDF. PDF yana tafiya da siffar rubutunsa, don haka ƙugiyoyinku ba za su zube a shagon buga takardu ba.
- Idan zai gyara takardar, ku shiga Enregistrer sous, ku zaɓi .docx ga rubutu, .xlsx ga lissafi.
- Idan an aiko muku da takardar cikewa mai gidaje da yawa, ku duba ta da kyau bayan kun cika, domin wani lokaci layuka sukan goce.

Abin da ba za ku samu ba

Gaskiya ɗaya ce, Linux ba ya yin kome da kome. Microsoft Office da Photoshop ba su da nau'in da ake girkawa a kansa. WhatsApp ma haka, sai dai a buɗe shi ta cikin Firefox, a haɗa da waya. Akwai wata manhaja mai suna Wine da ke tayar da wasu shirye-shiryen Windows, amma ba duka ba. Wasu injunan buga takarda sukan ba da wahala, ko da yake yawancin na HP suna aiki lafiya. Idan wata hukuma ko abokin aiki sun wajabta muku wata manhaja da Windows kaɗai take hawa, ku bar na'ura ɗaya a kan Windows, ko a girka tsarin biyu gefe da gefe, ku zaɓi wanda kuke so lokacin kunnawa.

Ku kuma yi haƙuri da kanku. Makon farko hannu zai riƙa neman abubuwa inda ya saba. Sannu ba ta hana zuwa.

Kula da na'ura da kare aikinku

*Sabuntawa.* Tsarin zai riƙa nuna muku alama idan gyara ya iso. A Mint wata ƴar garkuwa ce a ƙasan fuskar na'ura. Kada ku yi watanni ba ku karɓa ba. In intanet ya yi muku tsada, ku kai na'urar inda ake da wifi, ku fara da gyaran tsaro da na Firefox.

*Kalmar sirri.* Mutum ɗaya ko biyu amintattu ne ya kamata su riƙe kalmar sirrin girka manhaja. Sauran masu amfani, musamman ɗalibai, a buɗe musu nasu gurbin wanda ba shi da wannan iko. Ku rubuta kalmar a takarda, ku ajiye ta inda ake ajiye takardun ƙungiya masu muhimmanci, don kada ta tafi da wanda ya yi tafiya.

*Ƙwayar cuta.* Cututtukan da ke yawo a kile, irin masu ɓoye fayiloli su bar inuwarsu, don Windows aka yi su, ba sa tashi a Linux. Amma kilenku yana iya ɗaukar su ya kai wa wani. Kuma babu tsarin da ke kare mutumin da ya ba maƙaryaci kalmar sirrinsa ko lambar asusunsa.

*Ɗaukewar wuta.* Ku saba da danna Ctrl da S duk bayan ƴan layuka. LibreOffice yana ajiye kwafin ceto lokaci-lokaci, kuma a cikin Options kuna iya rage tazarar zuwa minti 5.

*Zafi da ƙura.* Kada ku ɗora na'ura a kan katifa ko tabarma mai toshe mata hanyar iska. Ku rufe ta da ƙyalle idan an gama aiki, musamman lokacin hunturu.

*Kwafi.* Wannan ya fi duk sauran. Kowane mako, a rana guda da kuka tsayar, ku kwafe fayilolinku a kile biyu. Ɗaya ya zauna a ofis, ɗaya a gidan ma'aji ko shugaba. Gobara ko ɓarawo ba sa barin kilen da ke kusa da na'ura. Sau ɗaya a wata ku buɗe kwafin ku tabbatar yana karantuwa. Lissafin kuɗi kuma, ku buga shi a takarda duk ƙarshen wata, masu alhaki su sa hannu.

A taƙaice

1. Ku rubuta ayyukanku kafin ku nemi manhaja.
2. Ku zaɓi Linux ɗin da na'urarku za ta iya ɗauka, wanda kuma wani na kusa ya sani.
3. Ku gwada daga kile, ku kwashe fayiloli, sa'an nan ku girka.
4. Ku ɗauki manhaja daga rumbun tsarin, ku duba girmanta.
5. Ku aika da PDF ga mai karantawa, .docx ko .xlsx ga mai gyarawa.
6. Ku yi kwafi biyu kowane mako.

Idan mutum ɗaya ne kawai ya iya na'urar a ƙungiyarku, ranar da ba ya nan aiki ya tsaya. Duk abin da kuka koya a nan, ku zaunar da mutum biyu, mace da namiji, ku nuna musu, su yi da hannunsu a gabanku.